Shekarar da Na Wanke Ƙafar Surukina

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa uwarku ta taɓa tsawata wa kakanku a gaban maza, har ta kama masa ƙafa. Gwaggonninku sun ba ku labarin, kowace da gishirin da ta ƙara, ni kuwa na yi shiru, domin a lokacin aiki ya sha mini kai, daga baya kuma na ɗauka maganar ta mutu. Sai da autata Nafisa ta dawo hutu daga makarantar koyon jinya a birnin Madani ta ce, "Yumma, wai da gaske ne?" sannan na san tana nan da ranta. To, ƙafa dai na kama, wannan babu ƙarya. Tsawa ce ban yi ba. Zan rubuta muku yadda aka yi, kuma da Hausa, wanda Larabci ya cinye wa harshe ya nemi mai karanta masa.

A shekarar da nake ba ku labari ni kaɗai ce sista a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, nan gaba kaɗan da Abu Na'ama. Ɗaki biyu ne da darbejiya a ƙofa. Ina da ƙuruciya, ina da farar riga, ina kuma da tabbacin cewa duk abin da na faɗa wa marar lafiya ya shiga kansa ya zauna. Nakan jero bayani kamar mai biya hadda, shi kuma ya ce "to", ya ce "tamam, ya sista", ya tafi. Kun san mutanenmu: gara mutum ya koma gida ya sha maganin shafawa da ya dubi idonki ya ce bai gane ba. Ni kuwa a wancan lokaci ina jin "tamam" sai in ce aiki ya yi kyau, in kira na gaba.

Kakanku, wanda nake kira Baba, manomi ne mai hawasha, wato gonar noman rani da ake ba ruwa bi da bi daga babbar magudana. Malami ne kuma. Rabin mazan ƙauyen a gabansa suka koyi alwala. Babanku shi ne ɗansa na fari, saboda haka Baba ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "yaron nan". Ni matar yaron nan kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Shekara uku ina gidan ba mu taɓa haɗa ido ba. In na ji tarinsa a zaure sai in faɗa ɗaki, in shi ya ji motsin munduwata sai ya tsaya yana gyaran rawanin da ba abin da ya same shi har in wuce. Gaisuwarmu ta bayan zana ce, kuma kowa ya yaba da tarbiyyata.

Baba yana da ciwon sukari, amma ba ya ɗaukarsa a bakin komai. Ana cikin ban ruwan auduga ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, ya yi kwanaki yana tafiya a kanta bai sani ba, sai da kakarku Hajja ta ga jini a kan buzun sallarsa. Ta daka bagaruwa ta haɗa da garin gahawa ta cusa a ciwon, kamar yadda uwarta take yi. Da ƙafa ta kumbura babanku ya ɗauke shi a bas zuwa Madani. Likita ya yanke ƙaramin yatsa, ya kankare abin da ya ruɓe, ya ba da magani, sannan ya ja babanku waje ya ce su dawo bayan mako uku; in ciwon bai kama hanyar warkewa ba, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da ya ji akwai sista a gidan har dariya ya yi, ya ce ai kun huta.

Ranar da suka dawo na zauna na rubuta takarda. Kai, na so ku ga takardar nan! Shafi guda cike, Larabci tsantsa irin na makaranta, sharaɗi goma sha biyu, kowanne da lambarsa, na ja layi a ƙarƙashin masu muhimmanci. A na goma sha biyun na rubuta abin da likita ya ce game da yankewa. Na ba babanku ya kai. Shi ma kunya ta hana shi zama gaban mahaifinsa ya karanta, sai ya miƙa wa Hajja, Hajja ta miƙa wa Baba. Kayan wanke ciwo ma haka suka bi hannu zuwa hannu. Kullum da safe kafin in fita sai in durƙusa a bayan zana.

"Baba, ina kwana? Yaya ƙafa?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi ƙwarai."

"An ga takarda?"

"Tana tare da ni duk inda ni tahi. Allah shi yi albarka."

Sai in tafi aiki ina jin daɗi, har ina ba wasu labarin yadda tsoho ya riƙe bayanina.

A kwana na tara na fito shanya, sai hancina ya gaya mini abin da ba wanda ya gaya mini. Wadda ta yi aikin jinya ta san warin nan, ba ya kama da komai. Na duba igiya, ga bandejin Baba an wanke an shanya, da jirwayen bagaruwa a jikinsa, gefe guda kuma baƙin laka irin na bakin magudana. Na tambayi babanku, ya sunkuyar da kai ya ce jiya layin ruwa ya zo kan hawasharsu, tsoho ya hau jaki ya je ya buɗe da kansa. Na ce ka gaya masa abin da likita ya ce? Ya ce ai yana cikin takarda. Na ƙirga da yatsuna, saura kwana goma sha biyu.

Na sa farar rigata na yafa tobi, dogon mayafin nan, na kama hanyar aiki kamar kullum. Har na kai kan ƙaramar gadar magudana. A nan na tsaya ina kallon ruwa, ina tunanin abin da za a ce da ni in na yi, da abin da zan riƙa gani kullum a tsakar gida in ban yi ba: tsoho da sanda biyu, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye muku ba. Na ƙarasa ɗakin magani na ɗauki tasa da ruwan gishiri na asibiti da auduga da almakashi, na rufe ƙofa a kan mata biyu da ke jirana, na juyo gida.

Baba yana ƙarƙashin rumfar ƙofar gida a kan angarib, gadon igiyar nan, shi da abokansa huɗu, ana zagaya jabana, gahawar nan tamu, a ƙananan kofuna. Na yi sallama na shiga tsakiyarsu na durƙusa na ajiye tasa. Amininsa Malam Sanda, mai yawan barkwanci, ya tsaya da kofi a bakin leɓe, bai sha ba bai ajiye ba. Baba ya juya fuska ya dubi katanga.

"Ɗiyar mutane, lahiya? Tashi ki shiga gida."

"Baba, gafara na zo nema. Aikina na yi ba daidai ba. Akwai maganar da likita ya faɗa, in ka yarda a ba mu wuri in gaya maka."

"Waɗanga tare munka yi kiwon awaki. Faɗi."

Na faɗa, ba ƙari ba ragi. Ashe bai sani ba. Duk gidan mun ɓoye a bayan takarda. Can sai ya cire rawani, ya cire hular da ke ƙarƙashi, ya zaro takardata daga cikinta a ninke, fes, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ya ce ya ajiye ta inda ake ajiye abu mai daraja. Idonsa ya yi rauni, kuma rubutun makarantar gwamnati ba irin na allo ba ne da ya saba da shi, ga shi ba zai kira yaro ya karanta masa wasiƙar surukarsa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ba ta surukuta ba, ta aiki.

Ya miƙo ƙafar ba tare da ya dube ni ba, na kwance. Bandejin sharkaf yake da ruwa. A nan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na yi tambaya. Na ce ya ba ni labarin yininsa daga asuba, me yake yi da ƙafar. Ya ce in zai yi alwala yakan kwance ya wanke ta da ruwan randa, ya mayar da ƙyallen, sau biyar a yini, Hajja kuma ta ƙara bagaruwa da safe. Na ce Baba, ba a yi wa mai ciwo sauƙi ya shafa a kan ɗauri ba? Ya ce an yi, shi da kansa yake karantar da babin.

"Amma wanga ai ba lalura ba ce. Ciwon da ba ya zahi, ina zan kai shi gaban Allah in ce ya hana ni wanke ƙafa?"

Sharaɗi goma sha biyu na rubuta, babu alwala ko a ɗaya. Na zari tsinke daga tsintsiyar da ke jingine na ce ya rufe ido, in na taɓa ya faɗi wurin. Na taɓa gwiwa, ya faɗa. Na taɓa ƙwauri, ya faɗa. Na sauko tafin ƙafarsa mai lafiyar na danna har tsinken ya lanƙwashe, yana zaune yana jira.

"To, ki taɓa mana," in ji shi.

Malam Sanda ya fashe da dariya har jabana ta zube masa a riga. Ya ce tsufa ya gama da kai, Alhaji, kawo tsinken nan a gwada namiji. Ya miƙe ƙafa ya rufe ido, na taɓa manyan yatsunsa biyu, shi ma shiru. Da sauran suka gaya masa sai dariyar ta koma ciki. Baba ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya gyaɗa kai ya ce ya gane: in magudana ta cushe, bakin gona jiƙe yake, ƙarshenta kuwa ya bushe mai gona bai sani ba. Ni da na yi shekaru a makaranta ban taɓa samun bayanin da ya kai wannan ba, kuma har na bar aiki da shi nake amfani. Ya juya wajen abokansa ya yanke wa kansa hukunci, ya ce rashin zafin shi ne ciwon, saboda haka lalura ta tabbata, daga yau shafa zai yi.

Na wanke ciwon na ɗaure, na ce abu uku kawai zan roƙa a yau. Kada ruwa ko wani magani ya taɓa ɗaurin sai wanda na sa. Kada ya taka ƙafar zuwa gona. Ɗaya ƙafar kuma, duk alwala ya duba ta, ya tsane tsakanin yatsu, ruwan kuwa a gwada shi da gwiwar hannu kada ya yi zafi. Ya ce "to". Na san wannan "to" ɗin, ita ta kai mu inda muke. Amma yaya yarinya za ta ce wa malamin gari maimaita in ji? Sai Allah ya ba ni dabara.

"Baba, ni ban iya bayani ba, takardata shaida ce. Ga Malam Sanda shi ma yana bukata. Ka karantar da shi abin da na ce, in saurara in ji inda na yi kuskure."

Malami ne fa, an ce ya karantar! Nan take ya gyara zama ya daidaita rawani ya ɗaga yatsa. Biyun farko ya kawo su daidai, har da ƙarin ayar da ban sa ba. A na uku ya ce a sami ruwa mai zafi sosai don jini ya motsa. Na ce ka ji ko, laifina ne, na faɗa da sauri. Na sa aka kawo buta na nuna da gwiwar hannuna, shi ma ya gwada da tasa. Malam Sanda ya ce shekara sittin Alhaji yana gyara masa karatu, yau ya ga ranar da aka gyara na Alhaji. Kafin a watse tsofaffin nan sun raba layin ruwan hawashar Baba a tsakaninsu. Iyakar tsawar da aka ce na yi ke nan.

Amma na biya. Kafin azahar labari ya gama ƙauye, ya haye kogi, har mahaifiyata ta aiko daga Rusairis tana tambaya ko aljanu ne suka shafe ni. Mata suka rage zuwa ɗakin magani, wai mara kunyar da ta kama ƙafar surukinta me zai hana ta tona asirin kowa. Babanku kuwa kwana uku a waje ya ci abinci. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na Hajja. A ganinta na tsallake ta, na nuna wa duniya ba ta iya jinyar mijinta ba, kuma da gaskiyarta, domin ita ya kamata in fara samu. Ta daina amsa gaisuwata. In na kai mata kisra, wainar dawar nan, da miya sai kwanon ya dawo yadda ya tafi. In tana da magana sai ta gaya wa kaji.

"A gaya wa masu ilimi," ta kan ce tana watsa musu dawa, "mu da bagaruwa munka girma, ba mu mutu ba."

Na sha kuka a ɗakin ajiyar magani, in share ido in fito in ci gaba. Kullum da safe dai ina rumfa da tasata. Ita kuma Hajja ba ta iya haƙuri ba, sai ta riƙa fitowa ta tsaya a bakin zaure da hannu a ƙugu tana kallo. A rana ta huɗu ta gaya wa iska cewa wannan naɗi ko ɗan kwali ba a ɗaura shi haka. Sai na miƙa mata bandejin. Ta wanke hannu da sabulu yadda ta ga ina yi, ta naɗa, wallahi ya fi nawa kyau, ba matsi ba sako-sako. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Baba ya ce shi ba ya iya ganin tafin ƙafarsa, ga wadda ba abin da ke wuce idonta a ƙauyen nan, a ba ta aikin. Daga ranar ƙafar ta zama mulkinta. Ita ke dubawa, ita ke ba da ƙwayar magani da abinci a kan lokaci, ita ta rage sukarin jabana da cokalinta, kuma ba mai ɗaukaka ƙara. Bagaruwa muka yi sulhu a kanta: ta tari da mura tana nan, ta ciwo ta tafi hutu. Duk da haka sai da aka yi wata biyu kafin ta daina bi ta wajen kaji.

Ranar komawa Madani ban bi su ba, na zauna ina ba da magani ina kasa kunne ga ƙarar kowace mota. Da la'asar suka sauka, na leƙa ta taga na ƙirga ƙafafu kafin in dubi fuskoki. Babanku ya ce likita ya kwance ya ga nama ja yana tasowa, ya ce ba sauran maganar yanka, sai dai a ci gaba da ɗauri. Likitan ya fara yi wa Baba bayanin kula da ƙafa, Baba ya ɗaga yatsa ya karɓe karatun, ya kai shi har gwiwar hannu da buta, marasa lafiyar da ke layi suna ta matsowa. Shekara goma sha huɗu ya ƙara a duniya yana zuwa masallaci da ƙafafunsa. Ya koma sa markub, takalmin fatar nan, kuma ba ya sawa sai ya zazzage shi. Tsofaffin ƙauye kuwa sun shiga uku, domin duk wanda ya zauna a rumfarsa sai an gwada shi da tsinke kafin a ba shi jabana.

Nafisa, ke da za ki gaji aikin nan, tun daga shekarar ban ƙara yarda da "tamam" ba. Nakan fara da tambayar mutum yadda yininsa yake, in ba shi abin da zai iya ɗauka a tafiya ɗaya, in nemi wadda ke riƙe da tukunya da cokali a gidansa, sannan in sa ya nuna mini da hannunsa ko ya koya wa na kusa da shi. In ya yi kuskure in ce nawa ne, kuma yawanci nawan ne. Ni da Baba kuwa, da ciwo ya warke muka koma gaisuwar bayan zana kamar ba a yi komai ba, har ya bar duniya.

Bayan sadakar bakwai Hajja ta shigo ɗakina da hularsa ta ajiye mini a cinya. Takardata na ciki, ta yi laushi, ninkin ya kusa rabewa. Ta ce sharuɗɗanki goma sha biyu har ya koma ga Allah bai karanta ko ɗaya ba, amma juya bayan. Na juya, ga rubutun ajami da tawadar allo, manyan baƙaƙe irin na mai raunin ido. Ban iya ajami sosai ba, sai na kira babanku. Ya karanta abubuwa ukun nan, a bakin Baba, da misalin magudanarsa. Sannan ya zo layin ƙarshe.

"Wanga karatu na ɗauke shi daga malamata, matar yaron nan. Allah shi tsare mata ƙafafunta."

Takardar tana ƙasan akwatina, cikin hular. Duk gwaggon da ta ƙara ce muku uwarku mara kunya ce, ku ba ta kujera, ku kawo mata jabana, ku ɗauko mata ta karanta.